Ina zan zuba ekstenshin ɗina na DuckDB mutane su riƙa saukewa da kansu?

Abba_Dala:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Na rubuta wani ɗan ekstenshin, wato ƙarin da ake jona wa manhajar adanawa da binciken bayanai ta DuckDB, da yaren C++, aikinsa kawai ya daidaita sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ, ko an rubuta Danladi ko Ɗanladi in an yi bincike duk su fito. Mu takwas ke amfani da shi a ofis, kuma duk sanda na yi gyara sai in tura fayil ɗin a gurup ɗinmu na WhatsApp. Jiya wani ya sabunta DuckDB ɗinsa abu ya ƙi hawa, ya kira ni sau uku ina cikin adaidaita sahu. Wlh na gaji. An ce in zuba a ma'ajiyar fayil ta intanet, S3 na Amazon ko R2 na Cloudflare, to wanne ya fi, kuma yaya ake shirya shi?

Malam_Sabar:
Wa alaikumus salam Abba. Ba laifin mutumin naka ba ne, ekstenshin irin naka ɗaure yake da sigar DuckDB ɗin da aka gina shi da ita, kuma ɗaure da irin na'urar, wanda ka gina wa Windows ba zai hau Mac ba ko da za ka kwana kana gwadawa. Shi ya sa su kansu masu DuckDB suka jera nasu folda cikin folda, siga a sama, irin na'ura a ƙarƙashinta, sannan fayil ɗin a matse, kamar haka: v1.1.0/windows_amd64/sunansa.duckdb_extension.gz. Kai ma ka buɗe bokiti, wato wurin ajiyarka a S3 ko R2, ka jera haka daidai, harafi ɗaya ka kauce ba zai gani ba. Daga nan kowa ya rubuta INSTALL sunansa FROM adireshin bokitinka, shi DuckDB zai duba sigarsa da na'urarsa ya ɗauko wanda ya dace. Kuma don Allah kar ka goge tsofaffin foldodin, a kowane ofis akwai mutum ɗaya da ba ya sabunta komai sai kwamfutarsa ta mutu.

Hauwa_Data:
Maganar wanne ya fi kuwa, ni R2 zan ce. Ajiya ba ta da tsada ko'ina, inda kuɗi ke zurarewa shi ne wajen saukewa, S3 in ka wuce giga 100 na kyauta a wata sai su fara cajin kusan santi 9 na dala a kan kowace giga, shi kuma R2 na Cloudflare ba ya karɓar ko sisi a kan saukewa, ga giga 10 na ajiya kyauta, kuma yaren S3 yake ji, kayan aikin da ka saba da su za su yi. Amma gaskiya ku takwas ko rabin na kyautan ba za ku taɓa ba a kowanne, sai dai in abin ya bazu. Abu ɗaya, kar ka dogara da adireshin r2.dev da suke bayarwa, na gwaji ne kuma yana da iyaka, ka haɗa da domen naka, wato adireshin intanet naka na kanka.

Abba_Dala:
Na gode Malam, na gode Anti Hauwa. Na jera yadda aka ce, ya sauka lafiya lau amma da na buga LOAD sai ya ce wai babu sa hannu.

Malam_Sabar:
Eh haka zai ce, ba ya loda abin da masu DuckDB ba su sa wa hannu ba, wato hatiminsu na tabbatar da fayil, sai ka buɗe shi da duckdb -unsigned, in ta Python ne kuma ka kunna allow_unsigned_extensions tun wajen haɗawa, ba bayan ka shiga ba. Amma ka san me ka buɗe, duk wanda ya samu makullin bokitin nan ya canza fayil ɗin to ya shiga kwamfutocinku ke nan su takwas. Makullin rubutu ya tsaya a hannunka kai kaɗai. In kuma ba sirrin ofis a kod ɗin da ka rubuta, tun 2024 masu DuckDB suna da rumbun ekstenshin na jama'a, ka miƙa musu ta GitHub su gina wa kowace na'ura su sa hannu, mutanenka su rubuta INSTALL sunansa FROM community shi ke nan.

Hauwa_Data:
Sannan in ka yi gyara ka ce musu FORCE INSTALL, in ba haka ba tsohon da ke cikin ~/.duckdb/extensions zai ci gaba da lodawa, su dawo suna kiranka a adaidaita.