RAM 8+8: sha shida ne ko takwas?

Auwalu: Jama'a, a raba mu gardama. Na sayi sabuwar waya, a kwali an rubuta RAM 8+8, ma'aji 128GB. Na ce RAM ɗina 16 ne, Yaya Bashir ya ce wai 8 ne. Takwas da takwas nawa ne?

Bashir: Takwas ɗaya ne naka, ƙanena. Ɗayan aro ne. Wayar ce ke yankar 8GB daga cikin 128 ɗinka tana jingina da shi.

Auwalu: To tunda aikin RAM yake yi, ai RAM ne.

Bashir: Dubi teburin mai shayi. Abin da ke kai, hannu kawai zai miƙa ya ɗauka, RAM ke nan. Ma'aji kuwa sito ne a bayan shago. In tebur ya cika ya aiki yaro ya kai katon ɗin madara sito, ba ka ce tebur ya ƙara faɗi ba. In ana buƙatar madarar, sai an jira yaron ya dawo. Ma'aji bai kai RAM sauri ba ko kusa.

Kawu Habu: Bashir, kada ka kushe abin gaba ɗaya. Tawa RAM 3 gare ta. Da in na fita daga Facebook na duba saƙo, kafin in dawo ya koma farko. Tunda na kunna ƙarin nan abin ya ragu.

Bashir: Wannan gaskiya ne, Kawu. Mai 3 ko 4 zai ji daɗinsa, don yana rage rufe manhajojin da ke jira a baya. Amma mai 8 da wuya ya ga bambanci, sai asarar gurbi.

Anti Rabi: Ku kuna ta RAM, ni tawa kullum cewa take ta cika, alhali na goge hotunan biki kaf.

Bashir: Anti, buɗe manhajar duba fayiloli ta wayar, shiga jakar Android, sai media, sai com.whatsapp, wato jakar WhatsApp, ki nemi jakar bidiyo. Akwai wata a ciki mai suna Sent. Abin da kika tura wa mutane yana nan kwance, galari ba ya nuna shi.

Anti Rabi: Innalillahi! Wa'azin azumin bara ne jibge a ciki.

Auwalu: Na kashe ƙarin a saiti, na sake kunna wayar. Gurbi ya ƙaru kam. Amma Yaya, a kwali dai an rubuta.

Bashir: An rubuta 8+8. Kai ne ka haɗa musu.