Dan Allah ina ake samun hanyar tattaki marar tudu a karkarar Ingila?

Bakano_a_Reading:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah waɗanda suka daɗe a Ingila ku ba ni shawara. Wata na bakwai ke nan a Reading ina karatu, kuma wlh daga ɗaki sai laburare sai kanti, har tumbi ya fara leƙowa, ga gwiwata ta dama da na taɓa bugewa a ƙwallo tun ina sakandare, likita ya ce in riƙa tafiyar ƙasa amma ban da hawa tudu. 'Yan ajinmu kullum zancensu Lake District da Peak District, na ga hotunan, waɗannan duwatsun ba da ni ba. Ni shimfiɗaɗɗen wuri nake so, bakin kogi ko cikin gonaki.

Abin da ke ɗaure min kai kuma, in ina cikin jirgin ƙasa sai in hango Bature da karensa suna ratsa tsakiyar gonar alkama hankali kwance. Gonarsa ce ko kuwa kowa ma yana iya shiga? Don ni bizar ɗalibi gare ni, ba na son wani manomi ya kira min 'yan sanda a banza.

Dattijon_Cowley:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ai kai kana zaune a bakin rijiya kana kukan ƙishirwa, kogin Thames ta cikin garinku ya bi. Akwai hanya da ake kira Thames Path, an buɗe ta a 1996, tsawonta kusan mil 185, ta taso daga mafarin kogin kusa da ƙauyen Kemble har ta ratsa Landan, kuma kusan dukkanta a shimfiɗe take tunda gaɓar kogi take bi. Alamarta farin zane ne na ƙwallon itacen oak, za ka riƙa ganinsa a jikin turaku da ƙyamare.

Fara da Reading zuwa Sonning, kamar mil 3 ne, akwai tsohuwar gadar jan bulo a can. In gwiwa ba ta yi ƙorafi ba wani satin ka zarce Shiplake ko Henley, daga Reading zuwa Henley wajen mil 9. Daɗin wannan ɓangaren shi ne Shiplake da Henley duk suna da tasha, in ka gaji sai ka hau jirgi ka canja a Twyford ka dawo gida. Amma tsakanin Goring da Pangbourne ka ɗan dakata tukuna, wurin yana da kyau sosai sai dai hanyar tana barin bakin ruwa ta hau tudu cikin kurmi, har da matakala, ba na mai ciwon gwiwa ba ne.

Maganar gona kuwa, ka san burtali a gida? To kamar haka ne, sai dai wannan na mutane ne kuma yana cikin taswirar hukuma. Gonar ta manomi ce, amma in hanyar jama'a ta bi ta ciki ba shi da ikon toshe ta, ko ya yi huɗa a kanta doka ta ba shi kwana 14 ya gyara ta yadda za a gane. A Ingila da Wales irin waɗannan hanyoyi sun kai wajen mil 140,000, wasu sun girmi gonakin da kansu, da can ta nan ake zuwa coci da kasuwa. Kibiya rawaya ta masu ƙafa ce kawai, shuɗiya kuma har doki da keke. Sharaɗin dai kar ka sauka daga kan layin, da ka karkata ka shiga shuka to ka shiga haƙƙin mutum. Kar ka ji ana cewa akwai 'yancin yawo ko'ina, dokar shekarar 2000 ta buɗe tsaunuka da wasu filayen da ba a nomawa ne, kusan kashi 8 cikin ɗari na ƙasar Ingila, gonaki ba sa ciki. Scotland ce tsarinsu daban.

Ka nemi taswirar Ordnance Survey, wato hukumar zana taswirar ƙasar, mai bangon ruwan lemo da suke kira Explorer, koren layi mai tsinke-tsinke shi ne hanyar. Suna da manhaja ma. Kar ka dogara da Google Maps kaɗai, a cikin gona makaho ne.

Maman_Ilham:

Baba ya gama magana, ni dai zan ƙara abu ɗaya da ba wanda ya faɗa min sai da na ji a jikina: TAƁO. Ƙanena duk inda ka ji an ce shimfiɗaɗɗen bakin kogi to fadama ce, kuma fadama sunanta fadama ko a Ingila. Mu muna Cambridge, shekararmu ta farko cikin Janairu muka ɗauki yara za mu Grantchester ta cikin makiyaya, tafiyar da ba ta fi mil 2 zuwa 3 ba, akwai siririyar kwalta ta sama amma ni da iyayi na ce a bi ta bakin ruwa ya fi kyau, da farin kambas sabo fil a ƙafata, wlh sai da maigidan ya janyo ni, takalmi ɗaya ya tsaya a ƙasa na dawo da safa, yaran har yau suna min dariya. Daga Nuwamba zuwa Maris ka sa rambut ko takalmin tattaki wanda ruwa ba ya shiga, kuma ka duba sanarwar ambaliya a shafin gwamnati kafin ka fita don wani lokacin hanyar gaba ɗaya tana ƙarƙashin ruwa. Ga Disamba kafin ƙarfe 4 rana ta faɗi, ka ga sai ka yi sammako.

In kana son ganin ƙarshen shimfiɗa ka zo ɓangarenmu. Daga Cambridge zuwa Ely ta bakin kogin Cam da Great Ouse kamar mil 17 ne, ko ka sauka a tashar Waterbeach ka rage. Yankin sunansa Fens, da duk ruwa ne da iwa, a ƙarni na 17 aka kawo wani injiniya ɗan Holan, Cornelius Vermuyden, ya haƙa magudanai aka janye ruwan, shi ya sa ƙasar baƙa wuluk, ana noman dankalin turawa da albasa da karas da wani mai kama da gwaza da suke yin sukari da shi. Abin mamaki ƙasar ta yi ta lotsawa bayan ta bushe har wani wurin kogi ya fi gona tudu, kana tafe a kan ganuwar ƙasa ruwa na gefe ɗaya gona tana can ƙasa a ɗaya gefen. Cocin Ely kuwa tun daga nesa kake hango ta kamar ka kusa, ka yi ta tafiya ba ta matsowa. Gaskiya ni dai wurin yana ɗan gundurata, ba inuwa ba itace sai iska mai shiga ƙashi, amma maigidan ya ce sararin sama a can yana tuna masa hanyar Gashuwa.

Sarkin_Kwana:

Ikon Allah. Mu nan muna addu'ar Allah ya raba mu da tafiyar ƙasa, ku kuna can kuna sayen tikitin jirgi don ku je ku yi ta. Malam ka dawo ka yi sati ɗaya ba kuɗin adaidaita, tumbin zai tafi da kansa.

Bafillacen_Colchester:

Hahaha Sarkin Kwana ka bar mutum ya motsa jini. Ɗan uwa ni maganar shanu zan yi maka, kar ka ce ai ka saba da shanu a gida. Namu da makiyayi suke tafe, suna jin sanda suna jin kira. Na nan an zuba su ne cikin shinge ba kowa a kansu, ga girma kamar an hura, kuma suna da son ganin ƙwaf, musamman 'yan maruƙa da bazara sai ka ga sun biyo ka a ayari suna shinshina. Kar ka ruga. Ka ci gaba da tafiyarka a natse ta gefen shinge, kuma kar ka taɓa shiga tsakanin saniya da ɗanta, ana samun waɗanda shanu ke tattakewa har a rasa rai, yawanci masu kare ne. Doka ta hana a bar bijimin irin shanun madara da ya wuce wata 10 a filin da hanya ta ratsa, amma in ka ga garke bai kwanta maka ba ka juya kawai, ba wanda ke ba da lambar yabo. Ƙyaure kuma yadda ka same shi haka za ka bar shi, in a rufe ka rufe, in a buɗe manomi ne ya buɗe da dalili.

Sai dogon wando, saboda kaska da wani ganye da suke kira nettle, ƙaiƙayinsa kamar an watsa maka barkono.

Wurin da ni na fi so shi ne kwarin kogin Stour, iyakar Essex da Suffolk. Daga tashar Liverpool Street a Landan zuwa Manningtree kamar awa ɗaya ne a jirgi, kana fitowa daga tasha ka shiga hanya, mil 2 ka isa Flatford wurin da mai zanen nan John Constable ya nuna a zanensa na 1821 na amalanke a cikin ruwa, gidan da ke cikin zanen yana nan har yanzu. Daga nan ka bi makiyaya zuwa Dedham. Ka tafi da guzurinka da filas na shayi don ƙauyukan nan yawanci mashaya ce wurin cin abinci, ka ƙara da gorar ruwa ta alwala. Ni a gindin itace nake shimfiɗa renkot in yi azahar, masu wucewa sai dai su ɗaga hannu. In ba ka son fita kai kaɗai nemi ƙungiyoyin masu tattaki irin su Muslim Hikers ko reshen Ramblers na garinku.

Bakano_a_Reading:

Jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba jiya Asabar na bi shawararka na je Sonning na dawo, mil 6 ke nan, gwiwa lafiya lau sai ɗan tsami da safe. Na tsaya na fi minti ashirin ina kallon yadda ake rufe ƙofofin ruwa a ɗaga jirgi sama kamar wasa. Abin da ya ban dariya duk wanda muka yi kiciɓis da shi sai ya gaishe ni, mutanen da a cikin gari ko kallo ba ka ishe su ba. Anti Maman Ilham kin yi gaskiya, wandona har gwiwa taɓo ne, ina rambut ɗin ya fi araha dan Allah? Sati mai zuwa Shiplake in sha Allah, Sarkin Kwana in ka samu biza ka zo mu tafi tare.