Masu Prius da sauran motocin haibirid, yaya kuka same su a hanyoyinmu?

Baban Ilham, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 motata ta koma ta zuwa ɗaurin aure da gaisuwar rasuwa, wurin aiki kuwa sai Adaidaita Sahu. Yanzu wani dillali ya kawo min Prius, haibirid ɗin nan mai haɗa injin mai da batir, ƙirar 2010, 'yar Kwatano, yana ta rantse-rantse wai mai shinshinawa kawai take yi. A majalisarmu kuma cewa ake duk ranar da batirinta ya mutu, abin da ka tara na mai sai ka amayar da shi har da ƙari. Don Allah waɗanda suka riƙe irinta da hannunsu nake son ji daga gare su, ba 'yan "an ce" ba.

Mai Tasi, Mararaba

Wa alaikumus salam Baban Ilham. Da irinta nake neman abinci tsakanin Mararaba, Nyanya da cikin Abuja, kuma duk wanda ya san cunkoson hanyar nan da safe ya san inda mai yake ƙonewa a banza. To a nan ne motar take nuna kanta. Kana tsayawa injin zai mutu da kansa, kana ɗaga ƙafa daga birki ta ci gaba da rarrafawa da batir, sai cajin ya yi ƙasa injin ya tashi ya ƙara mata. Duk birkin da ka taka a hankali ma caji yake koma mata, shi ya sa takalmin birkinta yake daɗewa ba a canja ba. Lokacin da lita ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024, abokan sana'ata da yawa sun ajiye motoci, ni ban ajiye ba.

Amma kar dillali ya ruɗe ka. In ka hau titin Abuja zuwa Kaduna ka danna totur, injin ne ke aiki tun daga farko har ƙarshe, bambancinta da ƙaramar mota mai lafiya ba wani mai yawa ba ne. Ribarta ta cikin gari ce.

Abu ɗaya da direbobinmu suka saba da shi wanda ba ya yi mata: jefa giya a N in an tsaya a cunkoso. A N ba ta cajin babban batirin ko kaɗan, ga esi yana zuƙa. Ka bar ta a D ka taka birki, in tsayuwar za ta yi tsawo ka danna P.

Hajiyar Barnawa

Ni tawa ta kai yara makaranta ce da zuwa kasuwa, kuma alhamdu lillahi ban yi da-na-sani ba. Abin da ba a gaya min ba sai da na gani shi ne shirunta. A lungunmu yara na ƙwallo, awaki na kwance, motar tana tahowa ba wanda ya ji. Hannuna yanzu kullum yana kan ham.

Sai kuma wata ƙaramar taga mai raga a gefen kujerar baya. Yarana a nan suke cusa jakunkunansu da hijabai. Wata rana na riƙa jin ƙugin fanka daga baya, motar kuma ta yi nauyi, injin ya ƙi hutawa. Da aka duba, ashe ta nan batirin yake shaƙar iska, fankar kuma ta cika maƙil da ƙura. Aka wanke ta, motar ta dawo daidai. Yanzu ko leda ba a ajiye min a wurin.

Rewaya, Ƙofar Ruwa

Hajiya, kin taɓo inda gizo yake saƙa. Yawancin batiran da ake kawo min a ce sun mutu, zafi ne ya kashe su, zafin kuma daga fankar nan yake farawa. A garin da ake hunturu da hazo irin namu, wanke ta bayan kowane hunturu ba almubazzaranci ba ne.

Bari in yi wa Baban Ilham bayanin abin da ke ciki, don ya san me zai saya. Batir biyu ne a motar. Akwai ƙarami mai bolt 12 a cikin but, shi ke tada kwamfutocin motar, in ya yi sanyi motar ba za ta nuna READY ba, wato ba za ta tashi ba, mutane su ɗauka babban ne ya tafi alhali kuɗin ƙaramin bai taka kara ya karya ba. Babban yana bayan kujerar baya, gunduwa 28 ne aka jera, kowace bolt 7.2, jimilla bolt 201.6. Duk wayar da kuka gani mai ruwan lemo a motar nan, to ta babbar wuta ce, tana iya kisa. Yaron gareji da bai san kanta ba kar ya kusance ta.

Ƙirar 2010 zuwa 2015 injinta lita 1.8 ne, ba ta da kik irin na sauran motoci, ba ta da altaneta, ko bel babu a jikin injin, famfon ruwan ma da wuta yake aiki. Ruwan sanyaya kuma kashi biyu ne, na inji daban, na inbata (na'urar da ke sarrafa wutar babban batir) daban. Ina roƙonku da girman Allah, ku daina zuba musu ruwan rijiya ko na leda. Bakin mai kuma siriri take so, 0W-20, ba mai kaurin nan da ake ɗura wa kowace mota a bakin titi ba.

Malamin Sakandare, Sakkwato

To ni dai bari in kawo nawa, kar a ji gefe ɗaya. Na riƙe ƙirar 2007, mai injin lita 1.5, kuma na rabu da ita. Shekarar farko lafiya lau. Da bazara ta kama, zafin Afrilu ya haura digiri 40, sai ga jan alwatika na gargaɗi ya fito a allon mota. Aka sa na'ura ta nuna P0A80, wato batir. Wani bakanike ya ce ai gunduwa biyu ce kawai ta lalace, ya canja su. Ba a yi wata uku ba wata ta biyo baya, aka canja, wata kuma ta sake. Haka na yi ta zarya da motar a kan babbar mota zuwa wani gari, domin a kusa da ni ban sami wanda na yarda da shi ba. Kuɗin jigila kaɗai ya cinye ribar man. Duk wanda zai saya, ya fara tambayar kansa: wa zai gyara min, kuma nisansa nawa da gidana?

Rewaya, Ƙofar Ruwa

Allah ya mayar da alheri, Malam. Abin da ya faru shi ne gunduwoyin tare suka tsufa. In ka saka mai ƙarfi a tsakiyar gajiyayyu ba tare da an daidaita cajinsu ba, sai ta fi sauran gudu, mai rauni ta gaba ta faɗi. Kamar haɗa ɗan maraƙi da tsohon sa ne a garma ɗaya. Faci yana iya kai mutum 'yan watanni kafin ya tara kuɗi, amma duk wanda ya ce maka ya gama gyara da gunduwa ɗaya, bai gaya maka duka ba.

Baban Ilham, Kano

Na gode ƙwarai. To Malam Rewaya, ta yaya zan gane lafiyar batirin kafin in biya? Dillalin cewa ya yi in duba allo, ai cajin a cike yake.

Injiniya, Zariya

Cikar allo ba shaida ba ce, Alhaji. Ka tsaya da motar a P, ka kunna esi, ka zuba wa sandunan cajin ido. Batir mai lafiya a hankali yake sauka. In ka ga ya zube cikin ɗan lokaci, injin ya tashi, ya kuma cika nan da nan, to gajiyayye ne. Akwai 'yar na'urar OBD2 da ake sokawa a ƙarƙashin sitiyari, ta haɗu da waya ta Bluetooth, da manhaja irin Dr. Prius za ka ga ƙarfin kowane ɓangare na batirin da zafinsa. Ka yi gwajin bayan kun yi tafiya mai ɗan tsawo, don ana iya goge lambar matsala da safe ta ɓuya har a gama ciniki.

Ka kuma sa a leƙa ƙarƙashinta a tabbatar "indomin" salansa, wato matatar hayaƙi, tana nan. Ta waɗannan motoci tana da tsada saboda ƙarafa masu daraja da ke cikinta, sau da yawa tun kafin mota ta iso hannun mai saye an fafe ta an mayar da bututu fanko. Sannan ka tambayi tsawon zaman da ta yi a ajiye. Watanni ba a kunna ba yana cutar da batirin fiye da yawan tafiya.

Ɗan Ƙauye

Ni matsalata da ita ƙasa-ƙasa ce. Hanyar garinmu da damina sai dai in bar ta a bakin kwalta in hau acaɓa. Ruwan da ya kai ƙofa kuwa ko da wasa ban shiga da ita.

Maman Sadik, Kaduna

Tamu Camry ce haibirid, ta maigida, amma ni na fi shi hawa. Ga wanda yake ganin Prius ta yi masa ƙanƙanta, ita ta fi faɗi, sai dai but ɗinta batir ya cinye wani sashe, buhun shinkafa biyu da akwati sai an yi dabara. Abin da zan ƙara shi ne maganar esi. Kwamfuresarta da wutar babban batir take juyawa, kuma man da ake zuba mata daban ne, ND-11 ake ce masa. Mai gyaran esin unguwa ya so ya zuba mata na sauran motoci, Allah ya sa maigida yana tsaye ya hana.

Daren da aka ɗauke wuta ana zafi, mukan shiga ciki da yara mu sha sanyi, injin ya tashi ya mutu da kansa, man da take ci kaɗan ne. Amma a tsakar gida muke yi, a fili. A cikin rufaffen gareji hayaƙin yana kisa, tunda injin zai tashi ko kana barci. Injiniya, na'urar da ka ambata, tana karanta ta Camry ma ko sai Prius?

Injiniya, Zariya

Tana karantawa, Hajiya. Ramin yana nan ƙasan sitiyari ta ɓangaren direba, sai dai ki sa a gwada miki ita a jikin motar kafin ki biya, domin masu arhar cikinsu ba duka ke iya magana da kwamfutar batirin ba.