Wai album mai waƙa goma zai ƙare cikin mako ɗaya?

Nura: Assalamu alaikum jama'a. Yau dai sai na amayar da abin da ke cina. Wata huɗu ke nan album ɗina na kwance a wani sitidiyo a garin Jos ɗin nan, waƙa goma kacal. Kullum na taso daga Anguwan Rogo sai a ce mini ana miksin, wato haɗa muryoyi da kiɗa a daidaita su. Ni na ce duk injiniyan da ya san aikinsa zai ɗauki waƙa goma ya haɗa su cikin mako ɗaya. Abin da ya wuce haka jan rai ne, a nuna maka aikin da wuya don farashi ya hau.

Injiniya Bala: Wa alaikumus salam. Mako ɗaya? Da wutar wa?

Nura: Ai ni nake sayen man janareta, Yaya Bala.

Baba Garba: Yaron nan bai faɗi ƙarya duka ba. Ɗan Maraya, Allah ya jiƙansa, da kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya zai zauna gaban makirufo, kafin shayi ya huce an gama waƙa. Shata kuwa shi da masu kalangu da 'yan amshi lokaci guda ake ɗaukarsu. Turawa ma haka. Ranar 11 ga Fabrairu 1963 Beatles, mawaƙan nan na Ingila, suka shiga sitidiyo a Landan da safe, kafin su kwanta sun ɗauki waƙa goma na album ɗinsu na farko.

Nura: To kun ji! Yini ɗaya ma, ba mako ba.

Injiniya Bala: Baba, Allah ya ƙara girma, amma ku ƙarasa masa labarin. Waɗannan samarin sun yi shekaru suna kwana kan dandamali a Libaful da Hambug kafin ranar. Yatsunsu sun riga sun haddace kiɗan. Kuma su ɗin dai, da furodusa ɗaya, George Martin, album ɗin da suka fitar a 1967 ya ci musu kusan sa'a 700. Shi ma jan ransu aka yi?

Mama Rahila: Bari in sa baki, 'ya'yana. Mu a zumuntar mata kwana biyu muka yi muka ɗauki waƙa takwas, mu kusan talatin a ɗaki ɗaya, da tulu da kacau-kacau. Amma waƙoƙin nan mun fi shekara uku muna rera su duk mako. Duk da haka sai da muka jira sati biyar kafin su fito, don wata cikinmu tarinta ya shiga waƙa uku. Disamba ne, kun san sanyin Jos ba ya barin maƙogwaro lafiya.

Hamisu: Ni ma sana'ata ke nan a Dilimi, amma ba zan kare mu ido rufe ba. Wata huɗu ya yi yawa. Gaskiyar magana wasunmu kan karɓi aikin mutum goma lokaci guda, wanda ya fi matsa lamba ko ya fi sakin hannu shi ake fara sallama. Lokacin siyasa kuwa mai album sai haƙuri, waƙar ɗan takara ake yi da zafinta.

Nura: Allah ya biya ka, Yaya Hamisu.

Hamisu: Kada ka yi saurin godiya. Mako ɗayanka ma tatsuniya ce.

Injiniya Bala: Nura, bari in faɗa maka inda lokacin yake tafiya. Ɗan Maraya murya ɗaya, kuntigi ɗaya. Kai waƙarka ɗaya sai ta haura layi arba'in a kwamfuta: ganga daban, bes daban, fiyano, sarewa, muryarka ninki uku, amshin mata ninki huɗu. Kowane layi sai na saurare shi shi kaɗai, in cire gurnanin janareta da ƙarar numfashi, in gyara inda murya ta kauce, in rage wa bes ƙarfi kada ya danne ganga. Sannan in zaunar da muryar a kan kiɗan yadda kowace kalma za ta fita. Idan komai ya tafi daidai, waƙa ɗaya yini ɗaya ce a wurina. Kuma kunne yana gajiya kamar ƙafa. Abin da na haɗa ƙarfe biyun dare na ji daɗinsa, da safe sai in ji kamar ba ni na yi ba. Daga nan in saurara a waya, in saurara a mota, in ba mai Keke Napep ya sa a lasifikarsa, don a nan mutanenka za su ji ta. Bayan duk wannan ga mastarin, a daidaita ƙarar waƙoƙin kada wata ta yi tsawa wata ta yi raɗa.

Baba Garba: Ko dai kayan aikin ne suka yi muku yawa? Da ba a iya gyara, dole mutum ya iya waƙa. Yanzu kun ba su Auto-Tune, manhajar da ke gyara muryar da ta kauce, kowa ya zama mawaƙi, ku kuma kuna kwana kuna ɗinke ɓaraka.

Injiniya Bala: Wannan kam ba ni da ta cewa, Baba. Amma ko gwani ma ana daɗewa a kansa. Album ɗin Thriller na Michael Jackson waƙa tara ce, an fara Afrilu 1982 ba a gama ba sai Nuwamba. Injiniyansa Bruce Swedien ya haɗa waƙar Billie Jean sau 91, a ƙarshe aka koma aka ɗauki na biyu.

Nura: Ai ka ba ni hujja da bakinka! Sau 89 ɗin nan ɓata lokaci ne ke nan.

Hamisu: Wallahi ya kama ka a nan, Bala.

Injiniya Bala: Da ba su yi sauran ba, ta yaya za su san na biyun ya fi?

Mama Rahila: Ni tambaya ɗaya gare ni. Nura, ɗana, ranar da ka fara zuwa, waƙoƙin goma duk a rubuce suke, ka haddace?

Nura: Bakwai na rubuta, Mama. Sauran a can na ƙarasa.

Hamisu: Sau nawa ka koma ka ce a canza wani abu?

Nura: Ba yawa. Amshin waƙa biyu na sake. Sai wani Alhaji da na ambata a baiti na uku, ya yi alkawari bai cika ba, na ce a cire sunansa.

Baba Garba: Au, ashe da sauran magana a ƙasa.

Nura: Duk da haka wata huɗu zalunci ne, ban janye ba.

Hamisu: Kada ka janye. Gobe ka je ka ce wa injiniyan naka ya buɗe maka aikin a gabanka, ka ƙirga nawa aka gama. Ku sa rana a rubuce, gyara sau biyu ga kowace waƙa, ragowar kuɗi sai ranar karɓa. Idan ya ƙi, ka karɓo layukan kowanne daban a filas, ba haɗaɗɗiyar waƙar ba.

Nura: In na kawo maka, kwana nawa?

Hamisu: Sati uku, in ba ka sake ɓatawa da wani Alhajin ba.

Injiniya Bala: Huɗu. Ka manta da ranakun da babu wuta.