Kajina suna zubar da gashi, don Allah ku ba ni shawara

Maman Ummi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wallahi hankalina a tashe yake. Kajin nan tara ne, yayata ce ta ba ni su ina jego, da kuɗin ƙwansu nake biya wa yara Islamiyya. Maigida tun farko bai so kiwon ba saboda kashi a tsakar gida, sai da Hajiyarsa ta sa baki ya haƙura. To tun da sanyin nan ya shigo, kullum da safe gashi nake sharewa a akurki. Huɗu wuyansu ya fige, fatar ta yi ja, ƙwai ya tsaya cak. Suna cin abinci, ba zawo, ba gyangyaɗi. Cuta ce?

Baban Khalifa: Wa alaikumus salam. Hajiya kwantar da hankalinki, sake gashi suke yi. Kaza in ta kai wajen shekara ɗaya da rabi sai ta zubar da tsoho ta tsiro sabo. Daga kai da wuya yake farawa, ya gangara ƙirji da baya, sannan fuka-fukai da bindi. Yakan ɗauki wata 2 zuwa 3. Gashi kusan duk furotin ne, wato sinadarin gina jiki, ƙwai ma shi yake buƙata, shi ya sa jiki yake dakatar da ƙwai. Me kike ba su?

Maman Ummi: Dusa da guntun tuwo, kamar kowa. A haka suka yi ta ƙwai ai.

Baban Khalifa: Dusa ba za ta tsirar da gashi ba. Daka ƙuliƙuli ki haɗa, ko waken soya, amma gasashe, kar ki ba su ɗanye. Fara ma tana yi.

Anti Mai Kaji: Ni ban yarda ba, ƙwarƙwata ce. Da dare ki ɗauki tocila ki buɗe ƙarƙashin fiffike da wajen dubura. In kin ga fararen ƙwayaye sun dunƙule a gindin gashi, ita ce. Ki zuba musu toka da yashi su yi birgima. Ni kajin maƙociyata ne suka shafa wa nawa, da na yi magana har yau ba ta gaishe ni.

Ɗan Dattijo: Ki shafa musu kalanzir kawai.

Baban Khalifa: Kada ki kuskura! Ƙona fata yake yi. Na ce sake gashi ne. Duba wuyan, za ki ga sabon tsiro kamar ƙananan tsinke. Kar ki riƙa kama su ma, wurin yana musu zafi.

Maman Sadiq: Ku kuna maganar waken soya, kun san kuɗin kwano yanzu? Ni tsadar abinci ce ta sa na sayar da nawa kaf.

Anti Mai Kaji: Zakara nawa gare ki?

Maman Ummi: Uku. Biyu daga cikin matan bayansu ma ya fige.

Anti Mai Kaji: Uku a kan shida? Zakara ɗaya ya ishi kaji 10. Su ke tattake su, ki rage biyu.

Maman Ummi: A'a Anti, na Sallah ne, kuma tare suka tashi, ba sa faɗa. Akurkina kuma tsaf yake, ba ƙwarƙwata a gidana.

Baban Khalifa: Zakara bai tsayar da ƙwai. Ki bi abin da na faɗa miki.

Maman Ummi: Na gode. Amma maigida ya ce in ba su dawo ƙwai ba ƙarshen wata, kasuwa zai kai su. Babu wani magani da ake sa wa a ruwa?