Rage gudun moto mai layi ɗaya: wa ya gwada, me ya gani?

Kafinta: Salamu alaikum 'yan'uwa. Ina da injin sassaƙar katako, motonsa na layi ɗaya ne, wato mai aiki da irin wutar gida, doki ɗaya, a farantin jikinsa an rubuta juyi 1440 a minti da 50Hz. Idan katakon siriri ne ba matsala, amma da zarar na ɗaura mai kauri wanda bai gama zama daidai ba sai injin ya kama rawa, har teburin na matsawa. So nake in rage gudun zuwa rabi ko ƙasa da haka. An ba ni shawarar in sa dima mai ƙarfi, wato na'urar rage wuta irin ta fanka. Kafin in saya, don Allah wanda ya taɓa yi ya gaya mini abin da ya gani da idonsa. Moton yana da kafasito biyu a bayansa, kuma idan na kashe shi, yana gab da tsayawa sai in ji wani "ƙas" daga ciki.

Mai naɗin koyil: Wa alaikumus salam. Malam, wannan "ƙas" ɗin da kake ji shi ne amsar tambayarka. Makunni ne a kan shaf wanda gudu ke buɗewa. Irin motonka naɗi biyu gare shi, na tashi da na aiki. Ɗaya daga cikin kafasitocin nan biyu, na tashi, an yi shi ne ya yi aiki na daƙiƙu kaɗan, da moton ya kai wajen kashi 75 cikin 100 na gudunsa sai makunnin ya cire shi. To idan ka sa dima ka danne gudun ya sauko ƙasa da nan, makunnin zai koma ya rufe, naɗin tashi ya ci gaba da shan wuta mai yawa ta kafasiton tashin ba hutawa. Irinsu ake kawo mini a kai a kai. Tun kafin in kwance murfin warin fenti ƙonanne yake gaya mini labari. In na buɗe sai in tarar naɗin aiki mai kauri da sauran jansa, na tashin kuwa, siririyar wayar nan, ya yi baƙi ƙirin, kafasiton ya kumbura ya tsage ta sama. Mai shi kuma zai rantse maka cewa gudun bai ma ragu sosai ba kafin hayaƙin ya taso. Kuma gaskiya ya faɗa. Kada ka sa.

Malamin lantarki: Bari in ƙara a kan abin da Oga ya faɗa, don a gane dalilin da gudun ba ya raguwa. Moton da ba shi da burushin kabon, ba yawan bolt ne ke yanke masa gudu ba, firikwensin wuta ne, wato Hz ɗin nan da ke kan farantin, da yawan fol ɗinsa, wato kawunan maganaɗisun da naɗinsa ke samarwa. Lissafin shi ne 120 sau firikwensi, a raba da yawan fol. A wutar 50Hz, mai fol 2 yana neman 3000 a minti, mai fol 4 yana neman 1500. Naka da aka rubuta 1440 mai fol 4 ne, ratar 60 ɗin nan ita ce 'yar zamewar da dole ya yi kafin ya iya jan lodi. Idan ka rage bolt, gudun da yake nema yana nan a 1500, ƙarfin juyawarsa ne kawai ke zubewa, kuma zubewar ba kaɗan ba ce. Ka sauke 230 zuwa 160, ƙarfin ya koma wajen rabi. Na sha nuna wa ɗalibai wannan da taransifoma mai juyawa: moto ba lodi, muna rage wuta yana ta gudunsa kamar ba a yi komai ba, da an ɗan matse shaf ɗin sai ya durƙushe gaba ɗaya yana gurnani, allurar amfiya ta haura.

Mai gyaran fanka: Malam, to amma kada mutane su ɗauka rage wuta ba ya aiki ko'ina, mu da shi muke cin abinci. A fanka yana yi sarai. Dalili biyu ne. Moton fanka kafasito ɗaya gare shi wanda ke cikin layi koyaushe, babu makunnin tashi, wasu ƙananan ma babu kafasiton sam. Sannan iska ba katako ba ce: fanka na rage gudu nauyin da take ja yana faɗuwa warwas, don haka ko ƙarfin ya ragu za su haɗu a wani wuri ta zauna a nan.

Regileta iri uku na yi aiki da su. Tsohuwar mai ƙaton akwati zafi take yi, wutar da ta hana fanka a jikinta take ƙonewa. Ta lantarki mai juyawa sumul, wadda ke yanka wutar gunduwa-gunduwa, tana ba da kowane gudu kake so amma sau da yawa tana sa fanka kuka "zzzz" a ƙaramin gudu, da dare abin ya ishi mutum. Mai kafasito a ciki, mai lamba ɗaya zuwa huɗu ko biyar, ita na fi so, ba zafi ba kuka. Fankar tsaye kuwa yawanci ba regileta ba ce, wayoyi ne aka fitar daga wurare daban-daban na naɗin, kowane maɓalli da nasa. Abu ɗaya da nake gaya wa kowa: in fanka ta ƙi tashi a lamba ɗaya sai an tura ta da hannu, a duba kafasito da boris, kada a bar ta tsaye tana shan wuta.

Mai walda: Ni dima ta yi mini aiki a giranda da injin huda na hannu, amma su masu kabon ne, wata duniya ce daban. Su bolt ne ke tafiyar da gudunsu. Matsalar da na gani, in ka sauke girandar ƙasa ka danna ta a ƙarfe sai ta yi sanyi, ka ɗaga ta zabura. Kuma jikinta na zafi da wuri don fankar cikinta ita ma ta rage. Moton injin wanki mai kabon ya fi daɗin sha'ani, yana da ɗan na'urar auna gudu a ƙarshen shaf, in ka haɗa shi da allon da ke karanta ta sai ya riƙe gudun ko lodi ya ƙaru. Sai dai kada a ba shi cikakkiyar wuta ba lodi, gudun da yake yi abin tsoro ne.

Injiniya: Yaya Kafinta, in gudu mai sauyawa da maɓalli kake so, hanyar da ta zauna mini ita ce a sauke moton nan gaba ɗaya, a ɗora na layi uku, a sa masa VFD, wato na'urar da ke sauya firikwensin wuta, mai karɓar layi ɗaya ta fitar da uku. Ana samunsu cikin sauƙi har zuwa wajen 2.2kW. Na yi wa injin huda na tebur haka. Abin lura: abin da take fitarwa bolt 230 ne, don haka a nemi moton da farantinsa ya ce 230/400, a buɗe akwatin wayoyinsa a juya 'yan ƙarafan nan uku daga haɗin sita zuwa haɗin delta. In an manta zai juya amma ba ƙarfi. Kada a sa makunni tsakanin VFD da moto, daga jikinta ake kunnawa da kashewa. In za a daɗe a ƙasa da rabin gudu da lodi mai nauyi, a ƙara masa fanka ta daban. Kuma bayan an cire ta daga wuta a jira mintuna kafin a taɓa, kafasitocin cikinta na riƙe sama da bolt 300.

Ɗalibi: Oga Injiniya, me zai hana a ɗauki biyu daga cikin layukan ukun a ba moton da yake da shi? Ai firikwensin zai sauya.

Injiniya: Ƙanena, zai sauya, amma makunnin tashin yana nan yana jiran gudu ya sauko. Ga shi kuma kafasito ba ya shiri da irin wutar da VFD ke fitarwa, yawanci kana kunnawa za ta yanke ta nuna maka lambar matsala. Akwai VFD da aka ƙera musamman don layi ɗaya, amma na masu kafasito ɗaya ne marasa makunni, irin na fanka da wasu famfunan ruwa. Ba ta injinsa ba ce.

Tsohon makanike: Yara duk kun tafi wajen waya kun bar bel. Ɗana, ka bar moton ya yi 1440 ɗinsa, a nan ya fi lafiya, fankarsa na hura shi yadda ya kamata. Fuli za ka canja, wato faifan da bel ke hawa kansa. Na moto santimita 8, na injin 16, ka samu 720. Ka sa 24 ka samu 480, kuma ƙarfin juyawar ya ninka kusan sau uku, abin da katako mai kauri ke bukata ke nan. VFD in ta rage gudu ba ta ƙara maka wannan ƙarfin. Na daɗe ina aiki da fuli mai hawa-hawa, kafin ka tofa yawu ya bushe ka mayar da bel daga wannan tsani zuwa wancan.

Kafinta: Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na auna yanzu, fulin moto 10 ne na injin ma 10. In na bar na injin yadda yake na sa ƙarami sosai a moto, misali 4, ba zai yi ba? Wurin ba shi da faɗi.

Tsohon makanike: A lissafi zai ba ka 576, a aiki kuwa bel zai dinga zamewa yana ƙara, ya tsattsage da wuri, don lanƙwasar ta yi masa yawa. In wurin ba zai ɗauki babban fuli ba, ka sa shaf na tsakiya a ƙarƙashin teburin ka rage sau biyu, 8 zuwa 16, sannan 8 zuwa 10 ɗin da ke kan injin, nan ma 576 ne. Moton kuma ka ɗaura shi a kan katako mai hinji, nauyinsa ya riƙa ja maka bel ɗin.