Mu watsar da tsohon mai karanta DWARF ko a ci gaba da faci?

Sadiq: Jama'a ni fa na gaji. Dibagarmu, wato manhajar gano kurakuran kod, tana dogara ne da DWARF, tsarin bayanan da kwamfaila (mai juya kod ya zama firogiram) ke sakawa a fayil. Mai karanta DWARF ɗin nata ya tsufa, tun da kwamfailan GCC 11 ya koma fitar da DWARF 5 kai tsaye a 2021 muke ta faci kan faci, jiya na loda wani babban fayil na C++ sai da na tashi na yi alwala na dawo bai gama buɗewa ba. A watsar da shi kawai a rubuta sabo, ai masu dibagar GDB ma haka suka yi a GDB 13.

Malam Bashir: Sadiq tsaya, ba haka aka yi ba. Abin da Tom Tromey, ɗaya daga cikin masu rubuta GDB, ya canza a GDB 13, wanda ya fito a 2023, matakin farko ne kaɗai, wato leƙen da ake yi a tattara sunayen fankishin da na nau'in bayanai. Da ana amfani da psymtab, wato taƙaitaccen jerin sunaye, sai ya kawo sabuwar fihirisa mai raba aikin wa ƙwaƙwalen firosesa su yi a lokaci guda. Amma sashen da ke karanta cikakken bayani in ka sa wurin tsayawa ko ka nemi ganin wani abu, yana nan yadda yake, ba a rushe shi ba.

Sadiq: To Malam ai saurin da ake nema an samu

Malam Bashir: An samu, saboda sun gano inda ciwon yake ne suka yi aiki a wurin. Kai kuma cewa kake a yanke ƙafar gaba ɗaya.

Zainab: Ni abin da ke ban tsoro ba sauri ba ne. Duk wani layi mai muni da kuke gani a tsohon kod ɗin nan akwai dalilinsa, wani kwamfaila ne ya taɓa fitar da DWARF a karkace wani bawan Allah ya kwana yana gyarawa, kuma kwamfailolin GCC da Clang ba iri ɗaya suke rubuta abin ba ko da ƙa'idar ɗaya ce, ga harshen Rust ga na Go kowa da halinsa. Ka rubuta sabo tsaf tsaf, wata biyu a fara turo korafi iri ɗaya da na shekarun baya.

Nura: Me zai hana mu ɗauki laburaren karanta DWARF da wasu suka riga suka rubuta, kamar libdw na elfutils ko gimli, mu huta?

Zainab: Gimli da Rust aka rubuta shi, namu C ne, wa zai riƙe gadar? Kuma laburare zai warware maka baitoci ne kawai, fassara su zuwa nau'i da suna aikinka ne har gobe. Masu dibagar LLDB ma da suke gida ɗaya da LLVM, aikin kwamfaila mai nasa laburaren DWARF, sun daɗe da nasu mai karantawar daban.

Sadiq: Wallahi Anti kin kashe min jiki 😅 amma dai ba za mu zauna haka ba.

Malam Bashir: Ba wanda ya ce a zauna. Ka auna tukuna, minti nawa ke tafiya a leƙen farko, nawa a cikakken karatu. In fayil na da .debug_names ko .gdb_index, wato fihirisar sunaye da aka riga aka shirya, ma muna amfani da su kuwa?

Sadiq: Ba ma duba su sam.

Nura: 😂😂

Sadiq: Bari in auna ɗin, zan turo lambobin da daddare.